4.3 Matsalar Laƙaba wa Yabon Kai Suna a Kafafen Sada Zumunta

Ɗabi'ar da wannan sashe ya duba ita ce mutum ya riƙa cusa wa jama'a labarin kansa, ko hajarsa, ko nasarorinsa, a wurin da ba a neme shi ba. Alal misali, a yi sanarwar rasuwa a Facebook, ana tsakiyar ta'aziyya sai wani ya jefo hoton shagonsa da lambar waya. Kowa ya san abin, amma har yanzu Hausa ba ta tsayar masa da suna guda ba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ba zai taimaka ba, domin ya shafi nazarin harshe da adabi ne, kuma ya riga Facebook (2004) da Twitter (2006) zuwa duniya.

A Turanci sunaye biyu ne suka yi fice. Na farko shi ne spam, wanda asalinsa sunan naman gwangwani ne da kamfanin Hormel na Amurka ya fitar a 1937. A 1970 'yan wasan barkwanci na Monty Python a Ingila suka yi wani wasa inda ake ta nanata sunan naman a gidan abinci har ya danne maganar kowa, daga nan ma'anar ta koma kan saƙon da ake turowa barkatai. Na biyu shi ne humblebrag, wanda Harris Wittels, marubucin wasannin ban dariya a Amurka, ya yayata a Twitter a 2010. Ya harɗa kalmar tawali'u ne da ta cika baki, don ya kama irin mutumin da zai yi kukan ya gaji da hawa jirgin sama, alhali so yake a san yana hawa. Abin lura shi ne, babu kwamitin masana da ya zauna ya ƙirƙiro ko ɗaya daga cikinsu. Ba'a ce ta haife su, ita ce kuma ta sa suka zauna a bakin mutane.

Aron waɗannan kalmomi abu ne mai sauƙi ta fuskar furuci. Tun da Hausa ba ta jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, spam za ta koma sufam, kamar yadda aka sami sufana. Sai dai za ta iso tsirara, domin Bahaushe bai san naman ba, bai ga wasan ba, saboda haka zambon da ke cikinta ya zube a hanya.

Idan aka koma ga faɗaɗa ma'anar kalmomin gida, wadda ta fi saurin zuwa zuciya ita ce kirari, kuma ita ce ta fi rashin dacewa. Gaskiya ne ɗan dambe da ɗan kokawa da mafarauci kan wasa kansu da bakinsu. Amma kirari yana da fage, yana da lokaci, 'yan kallo sun taho ne don su ji shi, kuma mai yin sa ya san yanzun nan za a gwada maganarsa a gaban kowa. Mai yabon kai a intanet ba shi da fage, ba a kuma gayyace shi ba. A ba shi sunan kirari, an ɗaukaka shi ke nan, an kuma ƙasƙantar da wani babban reshe na adabin baka. Tumasanci da bambaɗanci wani ake yi wa don a samu. Riya ta kama niyya sosai, amma kalma ce ta addini mai nauyi, hukunci ce a kan abin da ke zuciya. Kutse kuwa kafafen yaɗa labarai sun riga sun ba masu satar shiga kwamfutar mutane.

Talla tana buƙatar a tsaya a kanta. Mata da yawa suna sayar da atamfa da turaren wuta da abinci daga cikin ɗakunansu ta WhatsApp da Instagram, kuma wannan sana'a ce halattacciya. Duk sunan zambo da aka gina a kan talla zai shafa musu kashin kaji, alhali laifin da ake nufi ba sayarwa ba ne, rashin sanin wurin da ya dace ne.

Wannan bincike ya fi karkata ga harɗaɗɗen suna mai farawa da aikatau, irin su hana-salla da dafa-duka da fasa-ƙwauri, domin a nan ne Hausa ta saba ajiye ba'arta. Hular nan mai baki, ai tsokana ce ta raɗa mata hana-salla. A kan wannan tsari ana iya samun cusa-kai. Kalmar ba baƙuwa ba ce, tun da an saba cewa cusa kai ba kwarjini, kuma idan ta zama suna karin sautin aikatau ɗin zai sauka ƙasa kamar na dafa-duka, wanda zai bambanta ta da aikatau na yau da kullum. Tana kuma haihuwa: ɗan cusa-kai, 'yar cusa-kai, 'yan cusa-kai.

Rauninta shi ne ta kama shisshigin, ta saki yabon. Mai jefo hoton shago a wurin ta'aziyya ɗan cusa-kai ne ba shakka, amma mai kukan gajiya da jirgin sama a shafinsa yake, bai shiga gonar kowa ba. Shi wannan, kalmar fankama ma ba ta kama shi ba, domin mai fankama ba ya ɓoye ta a cikin rigar tawali'u.