Kaboyi ba Lamba: Taurarin Holiwud a Idon Mustafa Alasan

A wannan ɗan nazari muna so mu duba abin da ɗan kallon Nijar ya ɗauka daga taurarin tsofaffin finafinan Holiwud, da abin da ya bari. Madogararmu ita ce fim ɗin Mustafa Alasan mai suna Le Retour d'un aventurier, na 1966. An saba ɗaukar sa a matsayin wasan barkwanci. Mu kuwa a ganinmu tarke ne, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi kaifi a kan finafinan kaboyi.

Tun kafin Alasan, Jean Rouch ya nuna yadda sunan tauraro ke zama riga. A cikin Moi, un noir (1958), wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, samarin Nijar ƴan ci-rani sun raɗa wa kansu sunayen ƴan wasa. Umaru Ganda, tsohon sojan yaƙin Indocin mai aikin lebura a tashar jirgin ruwa, shi ne Edward G. Robinson, wani shi ne Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar kuma Dorothy Lamour. Zaɓin Ganda ba na banza ba ne. Robinson gajere ne, ba shi da kyan fuska irin na taurarin soyayya, kuma ya yi suna ne a Little Caesar (1931) a matsayin ɗan ta'adda da ya taso daga ƙasa. Lebura ya ga kansa a jikinsa. Wannan ma yabo ne na masani, ko da ba a rubuce yake ba.

Alasan ya kai maganar gaba. Jimi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa: malfa, takalma, bindigogi. Kowa ya sa kaya ya canza suna. Jingare Maiga ya zama Black Cooper, Zalika Sule ta zama Reine Christine, sunan da ke tuna mana da fim ɗin Greta Garbo na 1933. Daga nan sai satar dawaki, caca, shaye-shaye da raina dattawa, har wasa ya kai ga zubar da jini.

Sai a kwatanta wannan Cooper da na asali. A cikin High Noon (1952) na Fred Zinnemann, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Le train sifflera trois fois, Gary Cooper mai tsaron doka ne da mutanen garinsa suka juya wa baya. Jirgin ƙasa zai iso da tsakar rana ɗauke da wanda ya sha alwashin kashe shi. Yana bi gida-gida yana neman mataimaki, agogo yana ta tafiya, kowa yana kawo uzuri. Ƙarfin wasan Cooper ba a hannunsa yake ba. Yana cikin gajiyar fuskarsa da nauyin tafiyarsa a titin da ba kowa. Mutum ne da tsoro ya kama amma ya ƙi gudu. Abin da ya ba bindigarsa halacci shi ne lambar hukuma da ke ƙirjinsa, kuma da ya gama aiki ya cire ta ya jefar a ƙasa saboda takaicin mutanen garin.

To wannan ɗawainiya ce ba ta shigo akwatin Jimi ba. Malfa ta tsallako teku, tafiyar ƙasaita ta tsallako, saurin zaro bindiga ya tsallako, amma haƙƙin jama'a da ya rataya a wuyan tauraro ya tsaya can. Dalili ɗaya a fili yake: finafinan suna zuwa ne da muryar Faransanci, kuma wanda bai yi lakkol ba jiki yake karantawa, ba magana ba. Sai dai kada mu ɗora laifin duka a kan ɗan kallo. Holiwud ɗin kanta ta fi ƙawata harbi bisa ga shari'a, kuma Alasan ya gane haka. Ya cire hujjar ya bar adon, sai ga abin da ya rage.

Fim ɗin yana da rauninsa. Sautinsa bai zauna ba, dattawan ƙauyen kuma an zana su sama-sama, ba su da zurfin samarin. Zalika, wadda Rahmatu Keita ta ba da tarihinta a Al'lèèssi (2004), ba a ba ta abin yi mai yawa ba.

Amma ga mai kallonsa daga kwarin Komadugu, dariyar ba ta fita da sauƙi. A Nuwamban 2014 dubban mutane suka tsallako kogin daga Damasak suka yada zango a Gagamari, suna gudun samari masu bindiga da sababbin laƙabobi waɗanda ba sa jin maganar dattijo. A Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, wato dokin wannan zamani. Ba muna cewa silima ce ta haifi Boko Haram ba. Tushenta daban ne. Tambayar Alasan dai ita ce ta dawo: me ƙauye zai yi idan ƴaƴansa suka ari sura daga waje, suka daina amsa sunan da aka raɗa musu? Shi kansa ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, makonni kaɗan bayan harin Difa.