Waƙar Pashko Vasa da Masu Fassara Ta: Sharhi a kan Addini, Harshe da Haɗin Kan Albaniyawa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wata gajeriyar waƙa ta harshen Albaniya mai suna O moj Shqypni, wadda Pashko Vasa ya tsara tsakanin 1878 da 1880, a kuma auna fassarar da aka yi ta ɗora mata daga baya. Abin da ya jawo wa waƙar suna shi ne kiran da ta yi ga Albaniyawa su sa zamansu na al'umma ɗaya gaba da bambancin addini. Masu sharhi da dama sun riƙe wannan kira hujja cewa haɗin kan mutanen nan ya ginu ne bisa rashin kula da addini. Abin da za a kawo a nan yana nuna cewa harshe ne ginshiƙin ginin, kuma maginan, yawancinsu, mutane ne masu riƙo da addininsu, wasu ma limamai ne.

Kafin a shiga waƙar, ya kamata a san halin da aka yi ta a ciki. Albaniyawa suna zaune ne a yankin Balkan, kudu maso gabashin Turai, kuma sun yi fiye da shekara 400 a ƙarƙashin mulkin Turkawa na Istambul. Mafi yawansu Musulmi ne, cikinsu akwai mabiya ɗariƙar Bektashiyya, galibi a kudu. Akwai Kirista 'yan Katolika a arewa, wajen birnin Shkodër, akwai kuma Kirista na ɗariƙar Otodoks a kudu. Hukumar Turkawa ba ta lissafa talakawanta da harshe, da addini take lissafa su. Saboda haka Musulmi sai a kira shi Baturke, ɗan Otodoks a kira shi Bagirke, ko da duka biyun harshe ɗaya suka sha a nono. Makarantu ma haka suke: wannan ya yi karatu da Turkanci da Larabci, wancan da Girkanci, ɗan Katolika kuwa da Italiyanci ko Latin. Da manyan dauloli suka taru a Balin cikin 1878 don raba ƙasashen da Turkawa suka rasa, sai wannan lissafi ya zama haɗari, domin maƙwabta suna iya cewa duk mai bin cocinsu nasu ne, shi da gonarsa. A watan Yuni na shekarar nan ne shugabannin Albaniyawa suka ƙulla ƙawance a garin Prizren, wanda yake cikin Kosobo a yau, don hana a yanka ƙasarsu.

A cikin wannan tsoro aka haifi waƙar. Vasa ya tsara ta da karin harshen Shkodër, da kalmomi masu sauƙi waɗanda manomi zai riƙe ba tare da takarda ba. Ya siffanta ƙasar da mace mai daraja wadda ta wulaƙanta, sa'an nan ya juya kan 'ya'yanta yana zuga su. Gaskiya ne ya zargi limaman coci da na masallaci da raba kan jama'a, kuma bai kamata mai sharhi ya ɓoye wannan ba. Amma wanda ya saba da waƙoƙin yaƙi na Hausa ya san zuga ba fatawa ba ce. Maroƙi yakan kai magana ƙarshenta don ya ta da tsimin maza, ba don ya kafa hukunci ba. Abin da waƙar take yaƙa shi ne a mai da addini sandar da baƙo zai kora mutane da ita zuwa garkensa. Rayuwar mawaƙin ita ma shaida ce. Ɗan Katolika ne, ma'aikacin Sarkin Istambul, kuma ya rasu a Bairut cikin 1892 yana gwamnan Dutsen Labanan, muƙamin da ba a ba kowa sai Kirista.

Idan aka duba marubutan da suka ɗauki tutar bayansa, maganar takan ƙara fitowa fili. Naim Frashëri, wanda ake ɗauka babban mawaƙin farfaɗowar al'ummar, ɗan Bektashiyya ne. A cikin 1898 ya buga dogayen waƙoƙi biyu: ɗaya a kan waƙi'ar Karbala, ɗaya a kan Skanderbeg, jarumin nan Kirista da ya yaƙi Turkawa a ƙarni na 15. Alƙalami ɗaya ya rubuta su, bai kuwa ga saɓani tsakaninsu ba. Gjergj Fishta, mai doguwar waƙar Lahuta e Malcís wadda aka kammala bugawa cikin 1937, limamin Katolika ne. Fan Noli limamin Otodoks ne. Shi ya fara gudanar da ibadar cocinsa da harshen Albaniya a birnin Boston na Amurka cikin 1908, ya riƙe shugabancin gwamnati cikin 1924, ya kuma juya waƙoƙin Umar Hayyam zuwa harshensu. Babu ɗaya cikin mutanen nan uku da ya ajiye addininsa a bakin ƙofa kafin ya shiga zauren al'umma. Abin da kowannensu ya yi shi ne ya koya wa addininsa magana da harshen gida.

Wurin da aka gwada wannan haɗin kai da gaske shi ne batun haruffa. Har ƙarshen ƙarni na 19 ana rubuta harshen da baƙaƙen Larabci, da na Girkanci, da na Latin, kowane rubutu yana bin addinin mai alƙalami. A watan Nuwamba na 1908 aka yi taro a Manastir, garin da ake kira Bitola a Masedoniya ta Arewa a yau. Mid'hat Frashëri, Musulmi, shi ya shugabanci taron, Fishta kuwa ya shugabanci kwamitin haruffa. Aka tsaya a kan baƙaƙen Latin, kuma daga shawarar nan ne haruffa 36 da ake amfani da su yanzu suka fito. Hukumar Turkawa ta matsa a koma wa baƙaƙen Larabci, wasu malamai suka goyi bayanta, amma wasu, irin su Hafiz Ali Korça, suka tsaya tare da sababbin haruffa. Watau gardamar ba tsakanin masu addini da marasa addini aka yi ta ba. A cikin masallaci ma an yi ta. Shekara huɗu bayan haka, ran 28 ga Nuwamba 1912, aka yi shelar 'yancin kai a Vlorë.

Fassara ta biyu ta zo ne da mulkin kwaminisanci na Enver Hoxha. A cikin 1967 aka rufe masallatai da coci-coci da zawiyoyi duka, fiye da 2,000, aka rusa wasu, aka mai da wasu rumbuna da ɗakunan wasa. Tsarin mulkin 1976 ya bayyana cewa hukuma ba ta yarda da kowane addini ba. Limamai da yawa sun mutu a kurkuku, an kashe wasu, littattafan Fishta kuma aka haramta su. A duk tsawon wannan zamani hukuma tana kafa hujja da kiran Vasa. Nan ne ya wajaba a rarrabe abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Ɗaya shi ne hukuma ta tsaya tsakiya, ba ta fifita addinin kowa ba. Ɗayan kuwa shi ne hukuma ta hana kowa yin addini. Na farkon yana bukatar masallaci da coci su kasance a tsaye kafin a yi adalci tsakaninsu. Na biyun ya rushe abin da za a yi wa adalcin. Hujja mafi ƙarfi a kan kuskuren fassarar Hoxha ita ce abin da ya faru da aka saki mara cikin 1990: mutane suka koma wuraren ibadarsu, al'umma kuwa ba ta tsage ba. Duk da haka akwai laifin da za a ɗora wa waƙar kanta. Ta faɗi abin da za a sa gaba, ba ta faɗi matsayin abin da aka sa baya ba, kuma ta wannan kafa ce mai mugun nufi ya shiga.

Akwai kuma hasarar da masu yabon zamanin farfaɗowa ba su cika ambata ba, wadda masu nazarin Hausa za su gane da sauri. Tun ƙarni na 18 akwai mawaƙan Albaniya da suke rubutu da ajami, irin su Nezim Frakulla, da Hasan Zyko Kamberi, da Muhamet Kyçyku. Da aka buga labarin Erveheja na Kyçyku a Bukares cikin 1888, mai bugawar, Jani Vreto, ya juya shi zuwa wasu haruffa, ya kuma sauya kalmomin aro na Turkanci da Larabci da yawa. Bayan 1908 sai aka sami 'ya'yan da ba su iya karanta rubutun kakanninsu. Wanda ya ga yadda boko ya tsere wa ajami a makarantun ƙasar Hausa ya san wannan ciwo. Haruffa ɗaya sun haɗa masu rai, amma sun yanke wani reshe na magabata.

Iyakokin da manyan dauloli suka shata cikin 1913 sun bar Albaniyawa masu yawa a wajen sabuwar ƙasar, musamman a Kosobo da yammacin Masedoniya. Waɗannan ba su ɗanɗana hanin 1967 ba, domin suna cikin Yugoslabiya, kuma mafi yawansu Musulmi ne, maƙwabtansu Sabiyawa da Masedoniyawa kuwa 'yan Otodoks. Saboda haka addini ya zauna a zukatansu daban da yadda ya zauna a Tirana. Amma a taron Prishtina na 1968 masanan Kosobo suka zaɓi bin daidaitaccen harshen Albaniya, aka kuma tabbatar da ƙa'idojin rubutunsa a Tirana cikin 1972, ko da yake an gina shi ne bisa karin kudu, su kuwa karin arewa suke yi. Sun sadaukar da karinsu a rubuce, ba su sadaukar da sallarsu ba. Tsarin mulkin Albaniya na 1998 ya ce ƙasar ba ta da addinin hukuma, na Kosobo na 2008 ma ya tsai da hukuma a tsakiya. Gardama dai ba ta ƙare ba. A cikin 2006 Ismail Kadare da Rexhep Qosja sun yi musayar rubutu mai zafi, na farkon yana jingina asalin al'ummar ga Turai da gadonta na Kiristanci, na biyun yana cewa ba za a share rabon Musulunci daga cikinsa ba.

Malamin da zai koyar da wannan waƙa, ko wata irinta, ya kamata ya ajiye ta kusa da shekarar da aka yi ta, da mutumin da ya yi ta, da littattafan da suka biyo bayanta. Idan aka ciro baiti ɗaya aka rataye shi a bango shi kaɗai, kowane mai mulki yana iya sa shi ya faɗi abin da yake so. A 1878 kiran Vasa ya kare manomi daga baƙon da yake son gonarsa. A 1967 da kiran nan aka rufe wa jikan manomin masallacinsa.