Injin ya karɓe komai sai zaɓen ƙwaya: bitar littafin James Hoffmann

Tun shekarar 1985 da kamfanin Saeco na Italiya ya fitar da injin gahawa na gida mai yin komai da kansa, aikin mai gida ya ragu sosai. Irin waɗannan injina, na Jura ne ko De'Longhi ko Philips, su ke niƙa ƙwaya, su danne garin, su tura ruwan zafi, su zubar da dusa. Abu ɗaya suka bar wa mutum, wato ƙwayar da zai zuba musu. A nan ne littafin The World Atlas of Coffee yake da amfani, duk da cewa ba don masu irin wannan inji aka rubuta shi ba.

Marubucin, James Hoffmann, Baturen Ingila ne da ya lashe gasar masu haɗa gahawa ta duniya a Tokyo a 2007, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin suyar gahawa na Square Mile a Landan. Littafin ya fito a 2014, aka sake buga shi da ƙari a 2018. Kashi uku ne: bishiyar gahawa da yadda ake sarrafa 'ya'yanta, sai suya da niƙa da haɗawa, sannan ƙasashen da ke nomanta ɗaya bayan ɗaya, da taswirori da hotuna.

Babbar bajintarsa ita ce koya wa mutum karanta abin da ke jikin ledar gahawa. Hoffmann ya nuna cewa lambar "ƙarfi" da kamfanoni ke bugawa ba ta faɗin yawan sinadarin da ke kore barci. Galibi tana nuna yadda suya ta yi duhu ne, da ɗacin da ke biyo baya. Ya kuma ce a nemi ranar da aka soya ƙwayar, kada a dogara da ranar lalacewa, a sayi abin da zai ƙare cikin mako biyu ko makamancin haka. Mai injin da ya fahimci wannan zai daina cika mazubin ƙwaya har baki, domin ƙwayar da ta kwana da kwanaki a saman inji mai ɗumi ƙamshinta gudu yake yi.

Babin suya ne ya fi shafar mai inji. Marubucin ya bi ƙwaya tun tana ɗanya har ta yi fashewar farko, sannan ta biyu, inda mai ke fara tsattsafowa a jikinta kamar gyaɗar da ta daɗe a kasko. Wannan man shi ne abokin gabar injin, don yana manne wa haƙoran niƙa, ya hana ƙwaya gangarowa, ya kuma canza ɗanɗano idan ya tsufa. Haka ma ƙwayar da aka soya da sukari, irin ta Sifaniya da ake kira torrefacto, da wadda aka fesa wa ƙamshi. Masu ƙera injinan da kansu suna gargaɗi a kansu. A ɗaya ɓangaren, ƙwayar da aka yi wa suya sama-sama tauri gare ta, ba ta sakin daɗinta da sauƙi. Injin gida kuwa gari kaɗan yake ɗiba, niƙansa bai kai laushin na shago ba, ruwa ya ratsa da sauri, sai a sami abu mai tsami da salam. Duk wanda ya karanta babin da natsuwa zai gane da kansa dalilin da ya sa matsakaiciyar suya, mai busasshen jiki, ta fi zama lafiya da irin wannan inji.

Kashin ƙasashe kuma daɗin karatu gare shi. Gahawar Brazil, ƙasar da ta fi kowa noma, ba ta cika tsami ba, tana da ɗanɗanon cakulan, tana kuma shiri da madara. Ta Yirgacheffe a Habasha ƙamshin fure da lemo take yi. Ta Kenya, musamman irin SL28, tsaminta a fili yake. Ta Sumatra a Indonesiya nauyi gare ta saboda ana ɓare ta tun da sauran danshi. Da wannan sani mutum zai iya cewa, tunda kapuchino nake sha da safe, bari in fara da ta Brazil ko Kolombiya, in bar ta Kenya ga ranar da zan tace da hannu.

Inda nake da ja da littafin wuri biyu ne. Na farko, zuciyar Hoffmann tana wajen nau'in gahawa na arabika mai tsada da masu haɗawa da hannu, nau'in robusta kuwa bai ba ta daraja sosai ba. Alhali ɗan kason robusta a cikin haɗi, wadda ta kusan ninka arabika a sinadarin kore barci, yana ƙara kauri da kumfa, abin da injin gida ke yawan gazawa a kai. Na biyu, shawararsa ta sayen sabuwar suya ta fi sauƙi ga mazaunin Landan. Wanda ke Kano ko Yamai, da yawanci ledar da ta yi watanni a hanya yake samu a kanti, sai dai ya duba wadda ke da ƙaramin mafitar iska a jiki, ba a huda ta ba, ya kuma zaɓi mafi sabuwa.

Duk da haka, littafi ne da ya cancanci kuɗinsa. Rubutun a sauƙaƙe yake, babu fariya, kuma yana bayyana dalili kafin ya ba da shawara, shi ya sa darasinsa ke aiki har a kan injin da bai zauna ya tattauna ba. Wanda ya kashe maƙudan kuɗi kan inji ya kamata ya karanta babin suya da na saye kafin ya sayi leda ta gaba.