Jigo da Warwararsa a Fim ɗin Crossroads

Fim ɗin Crossroads, wanda Walter Hill ya ba da umarninsa a 1986, ya ginu ne a kan labarin Eugene Martone, wani matashi farar fata mai koyon kiɗan jita irin na Turai a makarantar Juilliard da ke New York. Burinsa shi ne gano wata waƙa da ake zaton ta ɓace daga cikin waƙoƙin Robert Johnson, shahararren makaɗin bulus, wanda ya rasu a 1938 bayan ya naɗi waƙoƙi 29 kacal. Wannan buri ne ya haɗa shi da wani tsohon makaɗi baƙar fata, Willie Brown, suka kama hanyar Misisipi.

Babban jigon fim ɗin shi ne koyon sana'a a hannun gwani. Tsohon ya nuna wa yaron cewa ba a samun bulus a takarda, sai an ɗanɗani talauci da wulaƙanci da zafin rabuwa.

Sai dai warwarar jigon ta saɓa wa wannan darasi. A gasar ƙarshe, wadda Eugene ya shiga domin ƙwato ran Willie daga hannun Shaiɗan, bai kayar da abokin karawarsa da bulus ba. Ya koma ga kiɗan da aka gina a kan aikin Paganini, ɗan Italiya. Ke nan, kiɗan baƙaƙen fata ya yi rakiya kawai, na Turai ya ɗauki nasara. Wannan shi ne babban raunin fim ɗin, domin ya rushe darajar gadon da ya fito ya yaba.