Daga Ƙofar Wambai Zuwa Teburin Mai Turi

A zamanin kaset da faifan CD, mawaƙin Kano in ya fito daga situdiyo Ƙofar Wambai yake nufa. Can 'yan kasuwa ke sayen waƙa su buga, dillalai su yi gaba da ita har Maraɗi da Damagaram. Ba wani adalci a cinikin, don sau da yawa ɗungurum ake sayen waƙar, duk ribar da ta biyo baya ta ɗan kasuwa ce. Amma dai kuɗin daga aljihun mai sauraro suke fitowa, kuma wani abu yana isa hannun mai waƙa.

Waya mai memori ce ta kwance wannan tsari. A Amurka, bayan Napster ya koya wa matasa kwasar waƙa kyauta a 1999, Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, kowace waƙa senti 99. Mu a lokacin ba a buɗe mana irin wannan shago ba. Data na da tsada, biya ta intanet bai yaɗu ba, sai mai turi ya cike gurbin: kwamfuta a kan tebur, a Farm Centre ko bakin tasha, ya cika maka memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kuɗin da bai kai na faifai biyu ba, mawaƙi ko sisi. Daga baya Bluetooth da Xender suka rage wa shi kansa mai turin ciniki.

Ana yawan cewa turi ya kashe waƙa, ni ban yarda ba. Masu ji ma ƙaruwa suka yi. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta zagaye gidaje a 2020 ba tare da ta bi ta shagon faifai ba. Mai biya ne ya sauya. Shata da Ɗanƙwairo da kyautar iyayen gida suka rayu, kaset ne ya ba mawaƙi 'yan shekarun da talaka ke ɗaukar nauyinsa da 'yan canjinsa. Da faifai ya faɗi, sai aka koma gidan jiya. Waƙar soyayya ta zama tallan mawaƙi, abincin kuwa yana wurin liƙin biki, da waƙar amarya da ake yi bisa oda, da ta siyasa, fagen da Rarara ya yi fice. Wanda ya biya, sunansa za a ambata, kuma da wuya a faɗa masa gaskiya mai ɗaci. Shi ya sa kundin waƙa goma ya ja baya, ana sakin ɗai-ɗai, ana neman baitin da zai kama a TikTok.

YouTube da Audiomack sun dawo da ɗan kuɗi, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta tanadi sauke abin da aka ɗora ba izini. Sai dai tallar da ake sakawa mai kallo daga Kano ba ta biyan abin da ta mai kallo daga Landan ke biya, waƙar da ta riga ta shiga memori kuwa babu mai ƙirga sau nawa aka ji ta.