Likitan da ke riƙe hannunsa

Yaro ɗan shekara huɗu ya wuni lafiya, kafin asuba zazzaɓi ya rufe shi. Yana zaune a cinyar uwarsa, ya karkato gaba, ya miƙe wuya, baki a buɗe, miyau na dalala domin haɗiya ta gagara. Murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara, amma babu tari. Ƙwararren likita tun daga bakin ƙofa yake karanta wannan zama, ya gane murfin maƙogwaro ne ya kumbura.

Murfin wani ɗan guringuntsi ne a bayan tushen harshe, shi ke rufe hanyar iska idan mutum zai haɗiyi abu. In ƙwayar cutar Hib ta kama shi, cikin 'yan sa'o'i sai ya toshe hanyar da aka ba shi gadi. A gida akan ce belu ne, a aika a kira wanzami. Belu yana sama, ido na ganinsa. Wannan yana can ƙasa, kuma taɓa wurin na iya yanke numfashi nan take.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne abubuwan da likitan ke ƙin yi. Ba ya danna harshen yaron da ɗan katako don ya leƙa. Ba ya kwantar da shi, ba ya neman jijiya, ba ya raba shi da uwarsa, domin firgita da kuka sukan ƙarasa rufe 'yar hanyar da ta saura. Sai dai ya ce, "Mama, ki bar shi yadda yake zaune," ya matso da iskar oksijin kusa da fuskarsa a hankali, ya aika a kira likitan sa barci da na kunne, hanci da maƙogwaro.

A ɗakin tiyata ake shaƙa wa yaron maganin barci yana zaune. Sai ya yi nisa sannan a duba, a ga murfin ya yi ja wur. A zura bututu siriri, ƙasa da na sa'anninsa, ga kuma mai wuƙa a tsaye ko da za a huda wuya. Irin wannan hudar wani matashin likita ya kawo shawararta a gadon George Washington, tsohon shugaban Amurka, a Disambar 1799, manyansa suka ƙi, suka ci gaba da ɗibar masa jini. Likitoci da yawa na ganin wannan cuta ce ta yi ajalinsa.

Sai iska ta samu hanya ake ɗaukar jini, a fara allurar seftiriyazon ta jijiya. Galibi cikin kwana biyu kumburin ya saɓe, a zare bututun.

Ciwon ya yi ƙaranci a duk inda rigakafin Hib ya yaɗu. A Najeriya yana cikin allurar Fenta tun 2012, wadda ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14. Saboda haka likita kan tambayi uwa katin rigakafin yaron, har da na ƙannensa da ke gida.