Da wane mudu ake auna fina-finan kaboyi?

A shekarar 2008 cibiyar fina-finai ta Amurka, AFI, ta fitar da jerin fina-finan kaboyi goma da ta ce sun fi kowanne. La Prisonnière du désert na John Ford, wanda asalin sunansa The Searchers, shi ya zo na farko; Le train sifflera trois fois ya bi masa, L'Homme des vallées perdues ya zo na uku. Duk wanda ya zauna a bencin silimar da ba ta da rufi a Yamai, Maraɗi ko Damagaram a shekarun 1970 zai duba wannan jeri ya riƙe baki, domin babu Django a ciki, babu ko fim ɗaya na Sergio Leone. Dalilin kuwa a fili yake: ƙa'idar zaɓen ta taƙaita ga fina-finan Amurka. Kowane jeri yana da mudun da aka auna shi da shi, kuma kafin a yi gardama a kan wanda ya zo na farko, ya kamata a fara duba mudun.

Zamanin da waɗannan fina-finai ke ba da labarinsa gajere ne ƙwarai. Ya kama daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1890, shekarar da sojoji suka karkashe mutanen Lakota a Wounded Knee. Korar garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas ba ta wuce shekara ashirin ba. Kaboyin gaskiya makiyayi ne ɗan ƙwadago mai ƙaramin albashi, kuma masana tarihi sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu baƙar fata ne, ban da ɗimbin ƴan Meziko. Daga wannan ɗan taƙin lokaci Hollywood ta ƙera almarar kafuwar ƙasa, ta yi ta maimaita ta tun daga fim ɗin Edwin S. Porter na 1903 a kan fashin jirgin ƙasa. Saboda haka ba a neman sahihin tarihi a fim ɗin kaboyi, kamar yadda ba a nemansa a bakin maroƙi. Abin da za a iya nema shi ne a ga yadda fim ya yi da tambayoyi biyu da almarar ke son binnewa: ƙasar nan ta wa ce, kuma wa ke biyan kuɗin jinin da aka zubar? Fim ɗin da ya haɗa gwaninta da ƙarfin halin fuskantar waɗannan tambayoyi shi ya cancanci a kira shi babba.

Manazarcin nan na Faransa, André Bazin, da wani mudu ya yi awo. A wurinsa kamala tana ga La Chevauchée fantastique (1939), inda Ford ya cusa mutum tara a keken dawaki guda ya bi da su ta ƙasar Apache. Gwanintar ba ta da musu. An ruwaito cewa Orson Welles ya kalli fim ɗin kusan sau arba'in kafin ya shirya Citizen Kane. Akwai kuma hukunci mai daɗi a cikinsa: karuwar da matan gari suka kora da likitan da giya ta cinye su ne suka fita kunya a ranar wuya, mai bankin da ke wa'azin mutunci kuwa ɓarawo ne. Sai dai mayaƙan Apache ba su da magana. Suna fitowa daga bayan tsauni, suna faɗowa daga kan doki, ƙahon sojoji ya busa, ƴan kallo su tafa. Shekara tara ce kacal tsakanin Wounded Knee da ranar da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Konni a 1899, don haka mai kallo na wannan yanki yana da dalilin tambayar kansa wa yake tafa wa.

Le train sifflera trois fois (1952) na Fred Zinnemann ya juya ido daga maƙiyin waje zuwa cikin gari. Will Kane, ɗan dokan da Gary Cooper ya fito a matsayinsa, ya ɗaura aure da safe, sai ga labari cewa mutumin da ya taɓa kai wa kurkuku zai sauka a jirgin tsakar rana. Minti tamanin da biyar na fim ɗin kusan daidai suke da lokacin da ke wucewa a labarin, agogo kuma ba ya barin idon mai kallo. Alƙali ya tattara kayansa ya gudu, abokai suka ɓuya, masu ibada suka yi mahawara suka watse ba tare da mutum ɗaya ya miƙe ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Marubucin fim ɗin, Carl Foreman, ya san abin da yake faɗa: a 1951 kwamitin majalisar dokoki mai farautar ƴan gurguzu ya kira shi, ya ƙi ambatar sunan kowa, aka toshe masa hanyar aiki har ya ƙaura Ingila. John Wayne da Howard Hawks sun tsani fim ɗin, suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959, inda ɗan doka ba ya roƙon taimakon kowa. Rio Bravo ya fi daɗin kallo, amma na Zinnemann ne ya tsaya a kan abin da ke da ciwo, wato yadda jama'a ke son doka muddin wani ne zai mutu dominta.

L'Homme des vallées perdues (1953) na George Stevens ba ya buƙatar tafinta a ƙasar da ta san rikicin manoma da makiyaya. Ƙananan manoma sun kafa shinge a kwarin Wyoming, mai garke Ryker yana son ya kore su. Abin da ya ɗaga darajar fim ɗin shi ne an bar Ryker ya kawo hujjarsa: ya riga su zuwa, ya sha wuya, yanzu shinge ya raba shanunsa da ruwa. Mai kallo ya san Ryker azzalumi ne, amma ba zai iya cewa ƙarya yake yi ba. Kisan kuma ba wasa ba ne a nan. Lokacin da ɗan bindigar haya, Jack Palance, ya harbe wani ƙaramin manomi, ƙarar ta firgita, gawar ta faɗa cikin taɓo, babu kiɗan da ya rufa mata asiri. Shane ya gama aikinsa ya bar kwarin da rauni a jiki, don ya san mai kisa ba shi da wurin zama a cikin zaman lafiyar da ya samar. Raunin fim ɗin shi ne yawan ado: ta idon yaro ake ganin kome, jarumin har ƙyalli yake yi, waɗanda aka ƙwace wa kwarin tun farko kuwa a baki kawai aka ambace su.

A La Prisonnière du désert (1956) ne Ford ya koma kan abin da ya tsallake a 1939. Ethan Edwards, tsohon sojan Kudu, ya dawo gidan ɗan'uwansa a Texas a 1868. Mutanen Comanche suka kai hari, suka kashe iyalin, suka tafi da ƙaramar yarinya Debbie. Shekara biyar Ethan yana bin sawu, a hankali kuma mai kallo ya gane cewa ba ceto ya fita yi ba: so yake ya kashe ta, tunda ta zama matar Comanche. John Wayne, wanda duniya ta saba gani a matsayin gwarzo, a nan yana harbe idanun gawa don kada ruhinta ya sami hutu, yana karkashe ɓauna don kada maƙiyansa su sami abinci. Ford ya kuma nuna sansanin da sojoji suka afka wa, gawarwakin mata kwance cikin ƙanƙara. A ƙarshe Ethan ya ɗaga yarinyar sama, ya fasa, ya mayar da ita gida. Kowa ya shiga ɗaki, shi ya tsaya a bakin ƙofa, ƙofar ta rufe ya rage a waje. Kaɗan ne a tarihin silima suka kai wannan hoto.

Duk da haka akwai abin da ya rage. Sarkin Comanche, Scar, Bature ne haifaffen Jamus, Henry Brandon, aka shafa wa launi. Matar Comanche ɗin da aka aurar wa Martin bisa kuskure an mayar da ita abin dariya, har da shuri. Ba a kuma tambayi Debbie da gaske ko tana son komawa ba. Tarihi ya nuna nauyin wannan tambaya: Cynthia Ann Parker, wadda labarinta na cikin tushen wannan ƙissa, an kama ta a 1836, ta yi shekara ashirin da huɗu cikin Comanche, ta haifi ƴaƴa, cikinsu har da shugaba Quanah Parker, da aka “ceto” ta a 1860 ta yi ta neman komawa har ta mutu. Ford ya tona ƙiyayyar jaruminsa har saiwa, amma bai ba ɗaya ɓangaren baki ba.

Wannan ne ya sa L'Homme qui tua Liberty Valance (1962) ya fi cancantar zama na farko, ko da yake babu shi a jerin AFI. Ba shi da launi, ba shi da tsaunukan Monument Valley, jarumansa sun girme wa matsayinsu. Sanata Stoddard, James Stewart, ya dawo garin Shinbone jana'izar wani talaka da kowa ya manta, Tom Doniphon, ƴan jarida suka matsa masa ya faɗi dalili. Ya zo garin yana saurayin lauya da littattafan shari'a, ɗan ta'adda Valance ya yi masa bulala. Ya wanke kwanuka, ya buɗe aji yana koyar da karatu. Da tura ta kai bango ya ɗauki bindigar da bai iya ba, Valance ya faɗi. A kan wannan suna ya zama gwamna, ya zama sanata. Gaskiyar ita ce Doniphon ne ya yi harbin daga cikin duhu, ya rasa matar da yake so, ya ƙone gidan da ya gina mata. Da editan ya gama saurare sai ya yayyage takardun: almarar ta fi amfani ga gari. Ga mutumin da ya fi kowa gina wannan almara yana nuna yadda ake ƙera ta, yana kuma cewa doka da makaranta sun tsaya a kan kisan da aka ɓoye. Malamai za su lura da darasin cikin aji, inda Pompey, baƙar fata da Woody Strode ya fito a matsayinsa, ya tashi yana haddar takardar ƴancin Amurka ya manta daidai wurin da ke cewa an halicci mutane daidai, malamin ya ce masa mutane da yawa sukan manta wannan wuri.

Turawan Italiya sun shigo ta wata ƙofa. Leone ya ɗauko Pour une poignée de dollars (1964) daga Yojimbo na Kurosawa, ya ɗauki hotunansa a busasshiyar ƙasar Almeriya ta Sipaniya, ya cire wa kaboyi rigar mutunci ya bar shi da ƙura da kwaɗayi. Mafi yawan abin da ya biyo baya, har da Django (1966) na Sergio Corbucci da akwatin gawarsa, nishaɗi ne mai yawan gawa. Il était une fois dans l'Ouest (1968) dabam yake. Fiye da minti goma na farko mutum uku ne ke jiran jirgi, ba a jin kome sai kukan famfon iska, ɗigon ruwa da ƙuda. Henry Fonda, fuskar adalci a Hollywood, ya harbe yaro. Dalilin kisan kuwa rijiya ce: gonar McBain ce ke da ruwa a inda layin dogo zai bi, mai kamfanin jirgin kuma ya yi hayar bindiga. Leone ya amsa tambayar ƙasa da amsa mai ɗaci, cewa ta mai kuɗi ce, kiɗan Ennio Morricone kuma ya mayar da labarin makoki. A Faransa kaɗai mutum fiye da miliyan 14 suka shiga kallonsa.

Idan aka bi wannan mudu, jerin zai kasance haka: L'Homme qui tua Liberty Valance, sai La Prisonnière du désert, sai Il était une fois dans l'Ouest, sai L'Homme des vallées perdues, sai Le train sifflera trois fois. Mai musu zai ce an mayar da silima ajin tarbiyya. Amsar tana ga Little Big Man (1970) na Arthur Penn: ya tsaya wa mutanen Cheyenne, ya nuna kisan kiyashin Washita na 1868, ya ba Chief Dan George babban matsayi, amma labarinsa a warwatse yake, ya kuma mayar da Custer mahaukacin wasan kwaikwayo, don haka kyakkyawar niyyarsa ba ta kai shi cikin biyar ba. La Chevauchée fantastique kuwa allon koyo ne da ba a tsallakewa, ko da bai shiga ba.

Nijar tana da nata hukunci a kan wannan almara, kuma ya riga na AFI da shekara arba'in da biyu. A 1966 Mustafa Alasan ya shirya Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna, takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunaye irin su Black Cooper da Reine Christine, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu har wasa ya koma jini. Kayan aro ba ya rufe katara. Alasan, wanda ya rasu a 2015, ya ga abin da fim ɗin kaboyi ke yi wa mai kallon da ya haɗiye shi ba tauna. Ƙungiyar al'adu ko makarantar da ke shirin nuna waɗannan fina-finai biyar za ta kyauta idan ta fara da nasa, wanda bai fi rabin awa da kaɗan ba, sannan bayan kowane fim a tambayi ɗalibai mutum nawa suka mutu, kuma nawa daga cikinsu aka faɗi sunansu.